Masu shan jini a almarar duniya: daga ina labarin ya taso, kuma wa yake kwana a ciki?

A shekarar 2022 masu haƙar kayan tarihi suka ci karo da ƙwarangwal ɗin wata mace a wata tsohuwar maƙabarta da ke ƙauyen Pień na ƙasar Folan. An binne ta a ƙarni na 17. An gicciya mata lauje a wuya yadda in ta yunƙura za ta tashi kaifin zai yanke ta, sannan an sa kwaɗo a babban yatsan ƙafarta. Kafofin labarai suka yi ta yayata cewa an gano kabarin bamfaya, wato halittar nan mai shan jini da aka saba gani a fina-finan Turawa. Wasu masu karatu suka ɗauki labarin a matsayin shaida cewa abin gaskiya ne, wasu kuma suka ce shirme ne irin na 'yan jarida. Abin da kabarin ya tabbatar ɗaya ne tak: waɗanda suka binne matar suna tsoron kada ta dawo. Dalilin wannan tsoro, da yadda ake samun irinsa a ƙasashen da ba su taɓa jin ɗuriyar juna ba, shi ne abin da ke bukatar bayani.

Me ake nufi da mai shan jini?

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai gawa mai tashi, wato mamacin da aka binne amma ake cewa yana fitowa da dare yana danne dangi da maƙwabta har su mutu. Wannan shi ne na Gabashin Turai: Sabiyawa suna ce masa vampir, a Romaniya strigoi, a Girka kuma vrykolakas. Akwai kuma mutum mai rai, wanda da rana yana cikin jama'a, da dare ya rikiɗe ya fita farauta. Wannan ya fi kusa da maye, kuma shi ya fi yawa a Afirka da kudu maso gabashin Asiya da tsibiran Karibiyan. Sai kuma halittar da tun asali ba mutum ba ce, irin Lamashtu ta tsohuwar Mesofotamiya (yankin Iraƙi na yau), wadda ake dangantawa da mutuwar jarirai da ɓarin ciki, ko Lamia ta tsoffin Girkawa, ko asanbosam na Ashantawa mai haƙoran ƙarfe da ke maƙale a kan bishiya yana jiran mai wucewa.

Ba dukkansu ne ke shan jini ba. A rahotanni da yawa na Turai shaƙe mutum gawar take yi cikin barci. Ta ƙasar Sin, jiangshi, gawar da aka ce da tsalle take tafiya, numfashin rai take zuƙewa. Abin da ya haɗa su shi ne ana ɗora musu alhakin ramewa da mutuwar wanda jiya lafiyarsa ƙalau.

Ƙauyukan Sabiya da takardun Ostiriya

Labarin gawa mai tashi ya daɗe a yankin Balkan, amma sauran Turai ba su san shi sosai ba sai bayan 1718, lokacin da yarjejeniyar Passarowitz ta miƙa arewacin Sabiya daga hannun Daular Usmaniyya zuwa hannun Ostiriya. Sabbin masu mulki sun zo da al'adar rubuta rahoto kan kowane abu, kuma da rahotonsu ne maganar ƙauye ta shiga jaridu.

A 1725 wani manomi mai suna Petar Blagojević ya rasu a ƙauyen Kisiljevo. Bayan makonni goma, mutum tara suka mutu cikin kwana takwas, kowannensu bayan gajeriyar jinya, kuma an ce kafin su cika sun faɗi cewa marigayin ya zo ya danne su cikin barci. Matarsa ma ta ce ya zo gida yana neman takalmansa. Mutanen ƙauyen suka je wurin jami'in gwamnati, wani mai suna Frombald, suka ce ko a tono gawar ko su watse su bar garin. Ya je tare da limamin coci. A rahotonsa ya rubuta cewa gawar ba ta ruɓe ba, gashi da gemu da farce sun ƙaru, ga sabon jini a baki. Aka kafa mata turke a zuciya, aka ƙone ta.

Na biyun ya fi yin tashe. A ƙauyen Medveđa wani tsohon soja, Arnold Paole, ya faɗo daga keken ciyawa ya mutu, aka zarge shi da kashe mutane bayan mutuwarsa. Da mace-mace suka sake ɓarkewa a 1731, hukuma ta tura likitan soja Johann Flückinger da tawagarsa. Suka buɗe kaburbura, suka tsaga gawarwaki, suka sa hannu a rahoto a watan Janairun 1732. A cikin waɗanda aka tono akwai wata tsohuwa 'yar shekara 60 wadda maƙwabta suka sani siririya tun tana yarinya, amma a kabari aka same ta ta yi ƙiba. A wajensu wannan ya isa hujja cewa tana ci tana sha bayan mutuwa. An sare kawunan gawarwakin da ake zargi, aka ƙone su, aka zuba tokar a kogin Morava.

Saboda likitocin gwamnati ne suka sa hannu, malaman jami'o'in Jamus suka yi ta muhawara. Wani malamin coci ɗan Faransa, Augustin Calmet, ya tattara labaran a littafi a 1746. Abin bai lafa ba sai 1755, da Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta ɗora wa likitanta Gerard van Swieten binciken wani tonon gawa da aka yi. Ya ce babu komai a ciki sai tsoro da rashin sanin yadda gawa take, sarauniyar kuma ta kafa doka ta hana tono matattu da ƙona su bisa wannan zargi.

Abin da masu tonon suka gani da idonsu

Wuri mafi muhimmanci a wannan tarihi shi ne cewa shaidun ba ƙarya suka yi ba. Sun ga abin da suka ce sun gani. Wani mai bincike Ba'amurke, Paul Barber, ya ɗauki tsoffin rahotannin a littafinsa na 1988 ya gwada su da abin da likitocin binciken gawa suka sani a yau, sai kusan kowace alama ta samu bayani.

Bayan mutuwa, ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji suna ci gaba da aiki suna fitar da iska. Iskar tana kumbura ciki da fuska, don haka wanda ya mutu a rame sai a gan shi ya cika ya yi ja, kamar tsohuwar Medveđa. Matsin iskar ne kuma yake turo wani ruwa ja mai duhu ta baki da hanci ya ɓata likkafani, mai kallo ya ɗauka jinin da aka sha ne. Fata tana bushewa ta janye baya, sai farce da gemu su yi kamar sun ƙara tsawo. Fatar sama tana saɓulewa ta bar wata mai santsi a ƙasa, abin da rahotanni suka kira sabuwar fata. Sandarewar gawa tana sakewa bayan kwana ɗaya ko biyu, gaɓoɓi su koma suna lanƙwasuwa. In kuwa aka kafa turke a ƙirjin da ya cika da iska, iskar za ta bi ta maƙogwaro ta fito da ƙara mai kama da nishi. An rubuta cewa gawar Paole ta yi irin wannan ƙara.

Saurin ruɓewa kuma ya dogara da sanyi da irin ƙasar da zurfin kabari. Wanda aka binne a tsakiyar hunturun Turai yana iya yin makonni bai canza sosai ba, alhali na kusa da shi da aka binne da zafi ya riga ya narke. Mutanen ƙauye sun san gawar kwana ɗaya, sun san ƙashin shekara goma, amma ba su saba ganin ta wata biyu ba, domin ba a buɗe kabari sai an riga an yi zargi. Duk abin da aka tarar a ciki, zargin ne yake fassara shi. Misali a kan haka: a cocin Katolika rashin ruɓewar gawa yana iya zama alamar waliyyi, amma a tsakanin Girkawa an daɗe ana ɗaukarsa alamar wanda coci ta tsine wa.

Bayanin Barber shi ne mafi ƙarfi game da gawar kanta. Sai dai bai amsa abin da ya kai mutane maƙabarta da fatanya tun farko ba.

Cuta mai bin gida gida

Amsar wannan tana wajen annoba. In mutum ɗaya ya mutu, sannan matarsa ta kwanta, sannan ɗansa, sannan maƙwabci, kuma ba wanda ya san ƙwayar cuta, hankali zai koma kan wanda ya fara tafiya. Shi ne yake jan nasa.

An ga haka ƙarara a arewa maso gabashin Amurka a ƙarni na 19, inda tarin fuka ke cinye iyali ɗaya bayan ɗaya. Mai tarin fuka yana ramewa a hankali, yana tofar da jini, yana jin nauyi a ƙirji da dare. A garin Exeter na jihar Rhode Island, wani manomi ya rasa matarsa da babbar 'yarsa, sannan a Janairun 1892 ya rasa wata 'yarsa, Mercy Brown, mai shekara 19, ga ɗansa Edwin a kwance. Maƙwabta suka matsa masa. A watan Maris aka buɗe gawarwakin uku. Na uwar da yayar sun daɗe da ruɓewa, ta Mercy kuwa, wadda ba ta wuce wata biyu cikin tsananin sanyi ba, da sauran jini a zuciyarta. Likitan da ke wurin ya ce ba abin mamaki ba ne. Duk da haka aka ciro zuciyar aka ƙone, aka jiƙa tokar aka ba Edwin ya sha. Ya rasu bayan wata biyu. Wannan ya faru ne shekara goma bayan Robert Koch ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka a 1882. Ilimin yana nan, bai dai kai ga gidan da ake jinya ba, kuma ko da ya kai, a lokacin babu maganin da zai ba su.

Akwai masu ganin wata cuta takamaimai ce ta haifi siffar bamfaya. A 1998 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sifen, Juan Gómez-Alonso, ya kawo ciwon haukan kare: yana bin cizo, yana hana barci, mai shi yana gudun ruwa da haske da wari mai ƙarfi, kuma yana kama mutum da dabba. Kamannin suna da ɗaukar hankali, amma mai haukan kare yana da rai, alhali mutanen Sabiya matattu suke zargi. Kafin nan, a 1985, wani masanin sinadarai David Dolphin ya kawo cutar jini da ake kira fofiriya, wadda wani nau'inta ke sa fata ta ƙi rana. Masana da yawa sun yi watsi da wannan, domin cutar ba ta da yawa, shan jini ba ya maganinta, sannan ƙonewa a rana ba ya cikin tsohuwar almarar. Abin da ra'ayin ya jawo kawai shi ne tsangwama ga masu fama da cutar.

Inda ake zargin mai rai

Da an bar Turai sai labarin ya koma ɗakin mai ciki da mai jego. A Filifin akwai manananggal, mace wadda da dare take rabuwa biyu daga ƙugu, rabin sama ya fito da fukafukai ya sauka a kan rufin gida, ta zuro dogon harshe ta tsotse ɗan da ke cikin mai barci. Maganinta, in ji masu labarin, a nemo rabin da ta bari a tsaye a barbaɗa masa gishiri ko toka ko tafarnuwa, ta kasa haɗewa kafin gari ya waye. A Malesiya penanggalan kai ne kawai yake tashi da kayan ciki suna reto, shi ya sa ake kewaye tagogin gidan haihuwa da ganye mai ƙaya. A can kuma da Indunisiya akwai pontianak, fatalwar macen da ta mutu wajen naƙuda.

A tsibiran Karibiyan, soucouyant tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari. Da dare takan tuɓe fatarta ta ɓoye a turmi, ta tashi kamar dunƙulen wuta, ta shiga ta kafar makulli. Ana zuba shinkafa a bakin ƙofa domin dole ta tsaya ta ƙirga ƙwaya ƙwaya har asuba ta riske ta. Abin lura, a Gabashin Turai ma ana watsa gero ko wasu ƙananan ƙwayoyi a kan kabari da wannan niyya. A wajen Ewe na Gana da Togo, adze yana zuwa a siffar maƙesu, ya kutsa ɗaki ya sha jinin yara, kuma ana danganta labarin da zazzaɓin cizon sauro. A jihar Tlaxcala ta Meksiko, masu nazarin al'adu Hugo Nutini da John Roberts sun bi diddigin mutuwar jariran da aka ɗora wa tlahuelpuchi, suka nuna cewa da yawa sun mutu ne cikin daren sanyi ta hanyar toshewar numfashi a shimfiɗa. Ɗora laifin a kan mayya yana sauke wa uwa nauyin da ba za ta iya ɗauka ba a gaban miji da surukai.

A nan ne bambancin ya zama na rai da mutuwa. Inda ake zargin gawa, gawa ce take shan turke. Inda ake zargin mai rai, wani ne zai sha duka, kuma galibi tsohuwa ce marar gata, ko baƙo, ko mai wata lalura.

Tushe ɗaya ne ko kowa da nasa?

Masana sun rabu. Wasu suna bin sawun yaɗuwa, kuma a wasu wurare hujjarsu a fili take: soucouyant ta haɗa abin da bayi suka zo da shi daga Yammacin Afirka da abin da Faransawa suka kawo. Wasu kuma suna ganin ba a bukatar wani ya koya wa wani, tunda ko'ina ana mutuwar haihuwa, ana annoba, ana mafarkin da mutum zai farka ya ji an danne shi ya kasa motsi. Jiangshi ta goyi bayan masu wannan ra'ayi, domin tana da tarihinta na gida. Ana yawan danganta tsallen da take yi da sana'ar mayar da gawar wanda ya mutu a nesa zuwa garinsu a yankin yammacin Hunan, inda aka ce ana ɗaure gawarwaki a tsaye jikin gora biyu a yi tafiyar dare da su, mai hange daga nesa ya ga kamar suna tsalle. Ra'ayoyin biyu ba sa kore juna, kowanne yana da yankin da ya fi dacewa da shi.

Attajirin da ke cikin fim

Bamfayan ƙauyen Sabiya talaka ne, kumburarre, jajir, cikin likkafani. Farin attajiri mai alkyabba da fiƙoƙi aikin marubuta ne. John Polidori ne ya mai da shi ɗan sarauta a gajeren labarinsa na 1819. Bram Stoker ɗan Ailan ya fitar da littafin Dracula a 1897, ya ari sunan daga Vlad na Uku, sarkin Wallachia (a Romaniya ta yau) na ƙarni na 15, wanda ya shahara da tsire abokan gaba amma mutanensa ba su taɓa ɗaukarsa mai tashi daga kabari ba. Mutuwa da fitowar rana kuwa fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, ne ya yaɗa ta. Jemage mai shan jini yana nan da gaske, nau'i uku, amma a Meksiko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu kaɗai, kuma daga almarar ya samu sunansa. Haɗarinsa ga makiyaya a can shi ne yaɗa ciwon haukan kare ga shanu.

Lokacin da labarin ya zama na mulki

Masu iko ma sun yi amfani da shi. A 1833 jaridar gwamnatin Usmaniyya, Takvim-i Vekayi, ta buga rahoton alƙalin garin Tirnova, a Bulgeriya ta yau, cewa an tono gawar wasu tsoffin sojoji biyu na Janisari, rundunar musamman ta sarkin Usmaniyya, da ke addabar gari bayan mutuwarsu. Shekara bakwai ke nan da sarki ya rushe rundunar, kuma masana tarihi suna kallon labarin a matsayin hanyar ƙara ɓata sunanta.

A Gabashin Afirka da tsakiyarta abin ya juya, talakawa ne suka yi amfani da shi a kan masu mulki. A zamanin mulkin mallaka an yi ta raɗe-raɗin cewa Turawa suna ɗaukar 'yan ƙasa aiki su kamo musu mutane a zuƙe jininsu. A Kenya da Tanganyika (Tanzaniya ta yau) ana ce musu mumiani ko wazimamoto, wato 'yan kwana-kwana masu jar mota, a Zambiya ta yau kuma banyama. Masaniyar tarihi Luise White, a littafinta na shekarar 2000, ta ce kada a tsaya ga tambayar ko gaskiya ne, a duba abin da mutane ke faɗa da labarin. Ruwa ba ya tsami banza. Zamani ne da ake kwasar samari zuwa ma'adinai wasu ba su dawo ba, ake ɗibar jini a gangamin yaƙi da ciwon barci ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Wasu masana suna ƙorafin cewa irin wannan karatu yana iya wuce gona da iri, ya mai da kowace jita-jita siyasa, alhali masu faɗar ta jinin gaske suke nufi.

Abin da ke faɗawa kan talaka a yau

Ga yawancin mutanen duniya, bamfaya yanzu kayan nishaɗi ne, kuma Romaniya tana samun kuɗin masu yawon buɗe ido da ke tururuwa zuwa fadar Bran da ake kira fadar Dracula, duk da cewa alaƙarta da Vlad ba ta taka kara ta karya ba. Amma a ƙasar dai, a 2004, wasu mutane a ƙauyen Marotinu de Sus sun tono gawar wani ɗan'uwansu suka ƙone zuciyarsa domin wata marar lafiya a dangi, kotu kuma ta same su da laifin wulaƙanta kabari. A ganinsu ceton rai suka yi, a ganin 'yar marigayin cin zarafin mahaifinta aka yi, kuma doka ta tsaya a gefenta.

Mafi muni shi ne na Malawi a 2017. Raɗe-raɗin masu zuƙar jini ya tashi a gundumomin kudu irin su Mulanje da Phalombe, matasa suka kafa shingaye a hanya suna binciken motoci da baƙi. An kashe aƙalla mutum takwas, har a birnin Blantyre. Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga gundumomi biyu, gwamnati ta sa dokar hana fitar dare, 'yan sanda suka kama mutane fiye da ɗari, Shugaba Peter Mutharika ya je yankin da kansa yana lallashin jama'a. Ƙasar ta taɓa ganin irin wannan a 2002.

Ɓarnar ba ta tsaya ga waɗanda aka kashe ba. Wanda ya fi kama da mai zuƙar jini a idon mai tsoro shi ne ma'aikacin lafiya: baƙo ne, ya zo da mota, yana riƙe da allura da kwalba, yana neman jini domin gwaji. In irin wannan jita-jita ta kama yanki, gwajin cututtuka da rigakafi da karɓar gudummawar jini su ne suke fara tsayawa, kuma mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ita ce za ta je asibiti ta tarar babu. Kame da dokar hana fita suna iya kwantar da tarzoma cikin makonni. Dawo da ma'aikatan lafiya ƙauyukan yakan ɗauki lokaci fiye da haka, kuma yana bukatar masu unguwanni da malaman addini su zauna da jama'a a yi musu bayanin inda jinin da aka ɗiba yake zuwa da abin da ake yi da shi.